Jarkoki Ɗari Huɗu na Malam Sabulu

Duk wanda ya taɓa yin musabaha da Malam Sabulu ya san abin da ke biyo baya. Zai ba ka hannu da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, kana juya baya ka ji ƙarar buta. Ba wulaƙanci ba ne, hali ne. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana wankin zannuwan asibiti, in ya kalli tafin hannunka ba zanen arziki yake gani ba, duk abin da ka taɓa tun safe yake hangowa. Gutsuren sabulu ba ya rabuwa da aljihunsa na gaba, a naɗe cikin leda, daidai inda sauran maza ke soke alƙalami don a ce sun yi boko. Nan sunan ya samo asali, ya kuma manne masa har na yanka ya ɓata. Hannayensa sun koɗe sun yi fari kamar cikin kifi, faratan duk ruwa ya cinye. Maƙwabta kan ce ranar da ya mutu masu wankan gawa hutu za su samu, don ya riga ya yi musu aikin.

Ɗakin wankin nasu a bayan ɗakin masu amai da gudawa yake, katanga ɗaya ce tsakani. Shi ba ya ganin majinyata, zanensu kawai yake gani. Wanda ya zo a dunƙule, mai shi yana nan da rai. Wanda ya zo a ƙulle ta kusurwa huɗu, an riga an fita da mai shi ta ƙofar baya. Da damina ƙullallun kan cika kwando, kuma akasarinsu ƙanana ne, irin waɗanda ake raba babban zane biyu a yi wa gadon yara. Bai taɓa tambayar daga ina suke ba. Kowa a garin ya sani.

Garin kashi biyu ne, tudu da gangare. Mutanen tudu suna da famfo, ko da yake sai ya ga dama yake kawo ruwa, in ma ya kawo launinsa kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Mutanen gangare kuwa, masu lambu da masu fasa dutse da masu tsintar ƙarfe a bola, ba su da komai sai gajerun rijiyoyi, gaba biyu gaba uku, a bakin babbar kwatar da ke kwaso dattin tudu gaba ɗaya. Ruwan sama na sauka kwata ta cika ta tumbatsa, ta leƙa ta gaisa da rijiya, bayan kwana uku kwandon Malam Sabulu ya fara nauyi.

Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, matarsa Maman Biyu ta riga ta gama raba su a zuciyarta: sabon kwanon ɗaki, karatun tagwayenta, in da saura a yi wa ƙofar gida gyara. Sai ya zaunar da ita bayan abincin rana ya ce rijiyar burtsatse zai haƙa a bayan gida, inda akurkin kaji yake. Zai tace ruwan, ya zuba a jarka, ya sayar wa mutanen tudu. Duk jarka uku da aka saya, ta huɗu gangare za ta, kyauta.

"Baban Biyu," ta ce, "mutane in sun yi ritaya gona suke saya. Kai rami za ka haƙa ka tura kuɗin ciki?"

"Rami mai ruwa."

"Ai kwanon ɗakina ma yana ba da ruwa, duk damina, har kan gado yake kawo mini. Ka fara sayar da shi mana mu ga kasuwa."

Malam Sabulu ba ya gardama. In ka gama magana sai ya ce "haka ne", ya tashi ya yi abin da ya yi niyya. Kaji suka tafi kasuwa, masu haƙa suka zo da motarsu mai ƙara, unguwa ta yi kwana tara ba a jin sallamar juna. Ya kafa tanki biyu, ya sayi janareto da injin jan ruwa da matata, ya gina ɗaki ɗaya ya lulluɓe shi da farin tayil har sama, alhali ɗakin matarsa na nan da kwanuka uku a ƙasa suna taren ɗigo. Ya sayo jarkoki ɗari huɗu, duk ruwan ɗorawa, duk girma ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Sannan ya kira ƙanensa, wanda kowa ke ce wa Direba, mai wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an taru an tura ta an haɗa da addu'a.

Aikin na musanya ne. Ka miƙa jarkar da ba komai, a ba ka cikakkiya. Waɗanda suka dawo kuwa sai sun bi ta hannun Malam da kansa: ruwan sabulu, buroshi mai dogon hannu, sannan a jiƙa su a kulorin, hodar nan mai warin asibiti, a ɗauraye sau biyu, a kife a kan katako su tsane. Ba mai shiga ɗakin da takalmi. Duba-garin da ya zo ba da takardar izini, shi ma sai da ya cire nasa a bakin ƙofa, aka ga safarsa a huje, babban yatsa a waje yana kallon jama'a. Ya zagaya ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin wuri mai tsafta haka ba.

Rigima ɗaya aka yi tun farko, a kan fenti. Direba ne ya kawo shawarar.

"Yaya, a shafa wa na gangare fenti a wuya, ko a sa wa kowacce lamba. Nasu daban, na masu biya daban. Mutanen tudu in suka ji jarka ɗaya suke sha da masu tsintar bola, wallahi sai sun amayar da na bara."

"Sai ka yi musu bayani mana," in ji Maman Biyu daga bakin murhu. "Ko da yake kai motarka ma ba ta jin bayaninka."

"Matar yaya, ki bar motata. Ita ta kai ki asibiti kika haifo biyu."

"Tura ta aka yi har ƙofar asibitin, ina ciki ina naƙuda."

Malam ya bari suka gama, sannan ya ce ba fenti, ba lamba. Ba don tausayi ba ne, in ji shi, don ya san halin mai wanki ne. A asibiti zanen ɗakin masu kuɗi daban yake, na ɗakin talakawa daban. Ranar da sabulu ya yi ƙaranci, ko hannu ya gaji, kowa ya san wanda ake tsomawa sau ɗaya a shanya.

"Ni da kaina na yi, ba sau ɗaya ba," ya ce. "In na san wannan jarkar ta sadaka ce, wata rana ina gajiye zan ce ai ta wanku. In ban sani ba, kowacce sai na wanke ta kamar gidan bene za ta."

Magana ce mai kan gado, kuma ta yi aiki shekara biyu cur. Da safe Direba ya zagaya tudu, da yamma ya gangara da jarka arba'in, wata rana hamsin. Gidajen da ke da ƙananan yara da tsofaffi su ake fara ba wa. Bai isa wanka ko wanki ba, na sha ne kawai, amma damina biyu a jere tsofaffin abokan aikinsa suka aiko masa cewa kwando bai cika ba. Malam ya fara ciko a wuya. Har dariya aka ji ya yi wata rana, maƙwabta suka leƙo ta katanga su ga ko lafiya.

Wata Talata da hantsi, gab da faɗuwar damina ta uku, wata mata daga gangare ta tsaya a bakin ɗakin tayil. Mai Tsintsiya ake ce mata, don sana'arta ke nan. 'Ya'ya huɗu gare ta, mijinta mai lambu ne. Ta cire takalmi tun daga ƙofar gida, ta durƙusa.

"Lafiya, 'yata? Ba a kawo muku ba jiya?"

"An kawo, Baba." Ta murɗa bakin zanenta. "Maigidana ne. Maganin feshi ya saya, na ƙwarin lambu, irin wanda ake aunowa daga duro. Ba shi da abin zubawa, sai ya ɗauki jarkarka. Kwana huɗu maganin yana ciki. Da ya juye, ya wanke ta da toka da yashi ya mayar inda take. Ni ban sani ba, na ba Direba ita. Sai yau da safe yake faɗa cikin hira, wai ai ya wanke ta tas."

"Yaushe kika bayar?"

"Asabar."

Buroshi ya kuɓuce daga hannunsa. Jarkar da ta shigo Asabar da yamma, Lahadi an cika ta, ta fita. Ya kuma tuna a ranar mura ta toshe masa hanci, ko kulorin ɗin da ke sa shi hawaye bai ji warinsa ba. Kuma ya san abin da mijin Mai Tsintsiya bai sani ba. A asibiti, kayan wanda ya sha irin wannan magani ba a kawo su ɗakin wanki, ƙona su ake yi. Roba kuwa shan magani take kamar yadda zane ke shan shuni, ta riƙa sakinsa a hankali. Babba zai iya sha ya ji jiri ya wuce. Jariri fa?

"Wacce ce?" ya ce, shi kaɗai, yana kallon waɗanda ke kife a jere, kowacce sak 'yar'uwarta.

Ya sallami matar, ya kira ƙanensa da matarsa, ya tura ƙofa.

Direba ya ce, "Yaya, da hannunka ka wanke ta. Wankinka ai ko zunubi ne ya fita. Kwana biyu ke nan ba wanda ya ce kansa na ciwo. Ka yi shiru, na yi shiru, matar can ma tsoro zai ɗinke mata baki."

"In ba za ka iya shirun ba," in ji Maman Biyu, "a ce sababbin jarkoki aka kawo ana karɓar tsofaffi. A tattara su a hankali, ba mai jin komai."

"Kwana nawa tattarawar za ta ci?"

"Uku," Direba ya ce. "In mota ta yarda."

"Ruwan da aka riga aka juye a randa fa? Na cikin firji fa? Wanda ake dama wa jariri madara da shi yanzu haka da muke zaune? Sai an ce musu su zubar. In ka ce su zubar, za su ce don me."

"Sai ka ce inji ne ya ɗan samu matsala."

"Wanda ya ji 'yar matsala ba ya zubar da ruwan da ya saya da kuɗinsa. Ni ma ba zan zubar ba."

Direba ya miƙe tsaye. "To ka sani, Yaya. Kana furta guba a tudu, kasuwa ta mutu. Kasuwa na mutuwa, gangare ta koma rijiya. Ga hadari can yana haɗuwa. Duk a kan jarka ɗaya da wataƙila ba komai a jikinta."

"Wataƙila," Malam ya ce. "Haka ne." Ya ɗauki hularsa.

Gida-gida ya bi da ƙafa, motar na tari a bayansa. Duk inda ya tsaya magana ɗaya ce: ku zubar, ku wanke randa, ku ba ni jarkata, wanda ya ji jiri ko ya ga yaro ya yi laushi yawu na zuba, a yi asibiti a ce musu maganin feshi ne. A gidan benen da ke kan kwana, inda ake sauke jarka shida kullum, matar gidan ta fito da jariri a kafaɗa.

"Maganin feshi? Wa yake feshi a gidana?"

"Ba a nan ba ne, ranki ya daɗe. Wani mai lambu ne a gangare."

"Me ya haɗa jarkata da gangare?"

"Jarkokin duk ɗaya ne. Zagayawa suke yi."

Ta canza wa jaririn kafaɗa. "Tsaya in gane. Wato wadda nake dama wa wannan madara da ita, shekaranjiya a ɗakin masu tonon bola ta kwana?"

"Ana wankewa, ranki ya daɗe, ni da kaina..."

"Shekara biyu! Shekara biyu ina biyanka kana shayar da ni sauran bakin mutanen kwata!"

Gubar ma ta manta da ita. Daga saman bene aka riƙa jefo jarkokin ɗaya bayan ɗaya, Direba na gocewa. Kafin rana ta karkata labari ya riga Malam isa kowane gida, ya kuma yi ƙiba a hanya. An ce mutum bakwai sun mutu. An ce da gangan ya zuba. An ce dama can daga kwata yake cikowa.

A gangare kuma wata wahalar ce daban. Can ba zagi, ƙin bayarwa ne. Wani tsohon mai fasa dutse ya zauna daram a kan tasa ya rungume hannu.

"Malam, mu da muka shekara hamsin muna shan kwata, ɗan maganin tsutsa ne zai kashe mu? In ka ɗauke wannan, gobe za ka kawo wata?"

Malam ya ce in Allah ya yarda. Tsoho ya kalle shi ya daɗe, ya ce a'a, fuskarka ba ta ce haka ba. Sai da aka ɗaga shi cak aka zare jarkar.

Kwana biyu aka yi ana tattarawa. Ɗari uku da casa'in da ɗaya suka dawo, tara sun shiga duniya har yau. Aka jera su a tsakar gida, aka buɗe murafe, unguwa ta taru ana sansanawa. Tela ya sansana, mai faci ya sansana, Direba ya bi layi uku da hanci har ya zauna dafe da kai. Duk warin kulorin suke. Ba a gane ta ba. Kuma cikin ikon Allah ba a ji gidan da aka kwanta ba, in ban da wani mai gyaran rediyo da ya zo riƙe da ciki yana neman diyya, shi kuwa tun kafin a haƙa rijiyar da cikin nan yake yawo.

Duba-gari ya dawo, wannan karon da takalminsa ya shiga. Ya ce a huda jarkokin duka. Malam ya roƙa a bar shi ya yi da kansa. Ya sa ƙarfe a wuta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙaurin roba ya cika unguwa har yamma. Aka ɗebi ruwan tanki a kwalba za a kai gwaji babban birni, aka sa wa ɗakin tayil kwaɗo, aka manna takarda mai hatimi a ƙofa. Inji da famfuna duk suna ciki.

"Yallaɓai, ruwan ba abin da ya same shi. Jarka ce, ga su nan kuma an huda."

"Na sani, Baba. Amma gari ya ɗauka. Sai sakamako ya fito."

"Kwana nawa?"

"Mako biyu, in Allah ya so."

Washegari ruwan farko ya sauka.

Mako biyu ya zama wata, wata ya zama biyu. Kullum Malam ya sa rigarsa mai guga ya tafi ofis ya zauna a benci, har baƙi suka fara ɗauka ma'aikaci ne suna tambayarsa hanya. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce injin gwajin ne ya lalace. Duba-garin ba mugu ba ne, sunkuyar da kai yake in ya gan shi. "Baba, in na buɗe da hannuna wani ya yi ko da tari ne, wuyana za a kama. Ina da iyali."

Gangare kuwa ta koma rijiya, ina za ta? Uwar wani mai tsintar ƙarfe aka fara fitarwa, sai yara biyu 'yan gida ɗaya, rana ɗaya. Yaran da aka haifa cikin shekaru biyun nan, waɗanda cikinsu bai taɓa sanin ruwan rijiya ba, su cutar ta fi kwasa. Kafin tsakiyar damina an binne goma sha ɗaya. Matan gangare suka daina gaisawa da Mai Tsintsiya, wai bakinta ne ya kashe musu ruwa. Mijin da ya zuba maganin ko ci kanka ba wanda ya ce masa.

Direba ya ɗauke ƙafa daga gidan. Ranar da ya zo ɗaukar wata tayarsa da ya bari, a tsaye ya yi maganarsa.

"Goma sha ɗaya, Yaya. Jarkarka mai guba nawa ta kashe?"

Malam ya juya kansa wajen ɗakin tayil.

"Ko kaza ba ta kashe ba. Gaskiyarka ce ta kwashe su."

"Kai, rufe mana baki!" in ji Maman Biyu. "Da wani jaririn ya mutu a tudu, kai ne za ka fara cewa don me ya yi shiru."

"Wannan jaririn naki ba shi da kabari, matar yaya. Waɗancan suna da shi. In kina so in kai ki ki gani."

Malam ya daina cin abincin kirki. Wuyan da ya ciko ya koma yadda yake, har ya fi. Yakan wuni a kan bulo yana kallon kwaɗon nan, ɗan ƙarami, wanda dutse ɗaya zai ɓalle shi. Mutum ne da tunda yake bai taɓa tsallake ko layin asibiti ba.

Ta goma sha biyu 'yar autar Mai Tsintsiya ce, shekararta ɗaya da rabi. Kwana uku bayan an binne ta, matar ta hauro tudu da bokiti a hannu, ana yayyafi. Ba ta durƙusa ba wannan karon.

"Baba, wanda take bi ya fara tun da asuba. An ce a ba shi ruwan gishiri da sukari, da ruwa mai kyau. Ina zan samu mai kyau?"

"'Yata, kin ga takardar hukuma."

"Ban iya karatu ba." Ta ajiye bokitin a gabansa. "Na zo na faɗa maka gaskiya, ka ce na kyauta. Ga abin da na samu. Yanzu kai ka faɗa mini yadda zan yi."

Ya dubi bokitin, ya dubi ƙofar. Ya shiga ɗaki ya fito da zarto.

"Baban Biyu, kulle ka za su yi."

"Haka ne."

"To kai kaɗai za ka yanke yatsa. Kawo nan." Ita ta riƙe kwaɗon, shi ya yanka.

Ya zubar da ruwan da ya daɗe a tanki, ya wanke, ya canza matata, ya tada inji. Kafin rana ta take layi ya miƙe daga ƙofar gidan har gangare: bokiti, tukunya, kwano, har da mai bahon wankan jariri. Ba mota, ba mai saye, mutanen tudu na leƙe ta taga. Kwana biyu inji na aiki da man da Maman Biyu ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo. A rana ta uku motar hukuma ta zo da 'yan sanda biyu. Suka kwance injin jan ruwa da janareto suka loda, wai shaida ce, suka ɗora Malam a kai. Matan da ke layi suka tsaya suna kallo. Waɗanda ba a zo kansu ba suka juya da bokitinsu a bushe.

Kwana biyar ya yi a tsare. Alƙali ya dubi furfurarsa, ya ja masa kunne, ya sake shi. Yaron Mai Tsintsiya ya tashi. Wasu shida ba su tashi ba kafin ruwa ya ɗauke.

Sakamakon gwaji ya iso wata guda bayan damina ta wuce. Duba-gari da kansa ya kawo a ambulan. Ruwa lafiya lau, in ji takarda, ya dace da sha. Malam ya tambayi kayansa, aka ce suna ɗakin ajiya. Da aka buɗe ɗakin ajiya aka tarar da janareto ba hanji, sai kwanso. Injin jan ruwa kuwa ba wanda ya tuna ya taɓa ganinsa. Direba ya riga ya sayar da mota ya tafi wani gari yana tuƙa ta wani. Mutanen tudu sun koma ruwan leda, ko kyauta Malam ya ba su ba za su karɓa ba. Ɗakin tayil yanzu wani mai sayar da siminti aka ba haya yana ajiya, ba ka ce fari ne a da ba.

Shi kuwa Malam kullum da sassafe yana gangarawa. Yana da kwalba ɗaya ta ruwan kulorin da yake haɗawa da kansa, da sirinji marar allura na awo. Ya zauna a kan dutse a bakin babbar rijiyar gangare, duk wadda ta ja ruwa ya ce ta miƙo bokiti ya ɗiga mata, ta jira rabin awa kafin a sha. Ba ya karɓar komai. Cikin mata goma, uku ke miƙowa. Mai Tsintsiya na cikinsu, ba ta gaishe shi, shi ma ba ya neman gaisuwar. Sauran sukan kife murfi a kan bokiti su ratse, don a gangare ma sunansa ya canza, yara na hango shi sai su ce ga Baba mai guba nan. Kuma a faɗi gaskiya, tsoho da kwalba da sirinji a bakin rijiya, ko kai ne sai ka ja da baya.

Makon jiya wata ƙaramar mata da goyo ta ja ruwa ta tsaya a gabansa kamar za ta miƙo. Ruwan ya yi launin ƙasa, wani abu na yawo a samansa.

"Kawo, 'yata. Ɗigo kaɗan ne."

"Maigidana ya hana, Baba. Ya ce ranar da ya ji warin abin nan a randa, in tattara kayana."

"To ki tafasa. Ko na goyon nan kaɗai, ki tafasa ya huce kafin ki ba shi."

"Da wane gawayin?"

Ya dubi sirinjin da ya riga ya cika a hannunsa. Ta ɗan jira, don ladabi, sannan ta ɗora bokitin a ka ta bi ta gefen kwata, ruwan na tsiyaya a kan goyon. Malam Sabulu ya mayar da abin da ya zuƙo cikin kwalba, ya rufe, ya gyara zama a kan dutsen. Wata matar na tafe da guga.